Baƙo a Layinsu

Uwar Biyu tana shanya a baranda ta ji kofi ya faɗi a ɗakin Baƙo. Ta tura ƙofa, ta tarar da shi rabi a katifa rabi a kan siminti, ruwa ya jiƙa masa gaban riga. Ta ɗaga shi, abin tausayi, ba shi da nauyin kirki.

Baƙo kowa ke ce masa, sunan kuwa yana ci masa rai. A layin nan aka haife shi. Ya tafi walda wata ƙasa tun yana saurayi, ya dawo bara da furfura da huhun da hayaƙi ya cinye, ya kama ɗakin da ke kusa da nata. Ya yi ta cika mata kunne da cewa duk duniya ba gari irin wannan. Ita da kullum take zagin garin saboda famfon da ba ya zuwa, sai ta ce masa to Allah ya bar ƙauna.

Garin dai bai san yana yi ba. Gidansu ya zama wurin wankin mota, abokansa wasu sun rasu, wasu sun tashi. Kullum da safe sai ya sa hula ya bi layi yana gaishe da tsofaffi, ko wani zai ɗago ya gane shi. Mutum ɗaya ya rage, tsohon mai askin unguwa, shi kuma ya makance. Baƙo ya je har gida ya faɗa masa sunansa da na babansa, tsohon ya ce ya yi haƙuri, kawunan da suka bi ta hannunsa ba su da iyaka. Daga ranar Baƙo bai ƙara fita ba.

Yanzu da ta mai da shi kan katifa, Uwar Biyu ta ce bari ta nemo mota su koma asibiti. Ya girgiza kai, ai sun riga sun sallame shi.

"Ba mutuwar ke damuna ba, 'yar nan," ya ce. "A ce a garinmu, wai baƙo ya rasu."

Ta gyara masa filo, ta ce kada ya kuskura ya motsa, yanzu za ta dawo. Ta san bai kamata ta bar shi shi kaɗai ba, amma yara suna makaranta, gidan ba kowa, ta zari mayafi ta fita.

Tsohon mai askin ya sha roƙo kafin ya tashi. Sai an nemo sanda, sai an nemo takalmi, surukarsa na ta mita ina za a kai makaho cikin wannan rana. A matattakalar benensu kuma kowane hawa sai ya huta, yana cewa shi fa ya riga ya gaya wa mutumin bai san shi ba.

Tun daga ƙofa ta ji shirun. Baƙo na kwance yadda ta bar shi, fuskarsa na kallon ƙofa, idonsa a buɗe. Ta rufe masa ido, ta tsani kanta, ta tsani garin gaba ɗaya.

Tsohon bai san me ake ciki ba. Ya laluba ya zauna a bakin katifa, hannunsa ya tafi kan Baƙo don sabo, ya ture hular, ya bi ƙeya da yatsu. A bayan kunnen hagu babban yatsansa ya tsaya a kan wani ɗan tudu.

"Af, Tsito ne," ya ce, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Ɗan gidan mai gyaran keke. Nan ne aska ba ta wucewa sai na kewaya, shi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Kai Tsito, yaushe a gari?"

A ƙasa injin wankin mota na ta ƙara. Tsohon ya sunkuyar da kai yana jiran amsa, yatsansa na shafa wurin a hankali.