Albasar Mudi Ba Ta Kwanta Ba

Shekara tara Mudi yana zana zaki da mikiya a gindin manyan motoci a tashar Jega, amma bai taɓa ganin birnin Sakkwato ba. Da ƙaramar hukuma ta shirya nunin zane-zane, aka ce wanda ya ci za a tafi da shi da zanensa can, sai gogan ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Gonar albasar Aliero ya zana: manoma na ta cira, ganye kore shar, a tsaye cak. Alƙalin gasar, wani mai tabarau daga Sakkwato, ya daɗe a gabansa yana gyaɗa kai. Mudi har ya fara tunanin rigar da zai sa.

Sai ga Gwaggo Balaraba, dillaliyar albasa daga Aliero, ta leƙo zauren nunin don ta sha inuwa. Ta dubi zanen, ta riƙe haɓa.

"Ɗana, mi kaz zana nan?"

"Girbin albasa, Gwaggo."

"Ganye na tsaye? Wa ka cirar albasa ba ta kwanta ba? Wagga kwana bakwai ta ruɓe!"

Ranar kasuwa ce kuwa. Kafin a jima mutanen Aliero sun cika ƙofa, wani har da ɗaga sanda.

"A sauke shi!" in ji wani dattijo. "So kake Sakkwatawa su ce ɗanya muka saidawa?"

Alƙalin ya ja Mudi gefe. "Kada ka taɓa komai. Koren nan ne ya burge ni."

Mudi ya dubi zanen, ya dubi dattijon, wanda idonsa ya yi ja, ba da wasa ba. Ransa ya sosu ƙwarai, don Sakkwaton nan ya ƙwallafa rai a kanta. Ya ciro burushi, ya dama fenti ruwan ƙasa, ya bi ganyen nan ɗaya bayan ɗaya yana kwantar da shi, duk ya yamutse ya bushe. Kyan ya tafi. Alƙalin ya yi tsaki, ya liƙa lambar yabo a jikin zanen wani.

Gwaggo Balaraba ta matso har hancinta na neman taɓa fenti. Ta daɗe tana duba.

"To," ta ce da mutanenta, "wagga tamu ta. Ku ɗauko ta da hankali, fentin bai bushe ba."