Gaurakin Takardar Magani

Shekara uku Kinue tana shan garin maganin Likita Hirabayashi saboda murɗar ciki. Cikin bai daina ba, sai ga ƙafafu sun fara mutuwa daga tafin sawu, harshe ya koma kore, ido ya dusashe. Likita ya duba, ya gyaɗa kai irin na manya, ya ninka maganin. A garin nan ba a tambayar likita sunan abin da ya ba ka. Ka rusuna ka karɓa, ƙarshen shekara ka kai masa kwalin kyauta.

Mijinta Masuo mai awara ne. Da aka ce cutar tana yaɗuwa, sai maƙwabta suka riƙa toshe hanci suna sauri in sun zo ƙofar shagonsa, awara ta yi ta tsami a ruwa. Yayarsa ta ce ya mayar da matar gidan iyayenta. Ya ƙi. Yana sonta tun ranar da ta fara sayen awararsa ta ce masa sabulu ya fi ta daɗi.

Abin da ya iya kawai ya yi. Duk takardar da aka ƙunso maganin, in ta shanye, sai ya naɗe ta da kauraran yatsunsa ta zama siffar tsuntsu gauraka, kamar yadda ake wa majinyaci, wai in sun kai dubu za a warke. Sun wuce dubu tun tuni, suna reto a zare bisa shimfiɗarta. Kinue ba ta tashi ba.

Sai a kakar 1970 hukuma ta hana sayar da maganin. Ashe ba Kinue ke ɗauke da cuta ba, a cokali aka riƙa auna mata ita. Lauya Tsujimura ya zo daga Okayama yana tara masu ƙara, ya zauna ya ce:

"Kotu tana son shaidar cewa ta sha maganin. Na je asibitin Hirabayashi, wai ambaliya ta cinye takardunta."

"Asibitin da ke kan tudu?" in ji Kinue. "Lallai ruwan nan ya iya hawa."

Ba shaida, ba ƙara, kuma har ta mutu mutanen garin za su ci gaba da tafasa kwanon da ta taɓa. Lauya ya miƙe zai tafi, kansa ya bugi zaren, sai ƙura rawaya ta zubo masa a kafaɗa. Ya tsinko gauraka ɗaya ya warware. Ga ragowar gari a lungun naɗin, ga jan hatimin Hirabayashi ɓaro-ɓaro, don mutum ne mai son ganin sunansa a kan komai.

Kwana biyu bayan nan, Likita da kansa ya tuɓe takalmi a ƙofarsu, abin da bai taɓa yi ba, da kwalin alewa a hannu.

"Masuo, ka yi ƙoƙari," ya ce, idonsa na sama. "Amma tsuntsayen nan sun kwashi ciwo da yawa. Kawo in kai su wurin ibada a ƙone, kamar yadda ake yi. Ni zan ɗauki nauyi."

Gadon bayan Masuo ya lanƙwashe da kansa. Shekara arba'in yana rusuna wa gidan Hirabayashi, uban wannan Likitan ne ma ya karɓi haihuwarsa. Bakinsa har ya fara haɗa godiya, hannunsa ya kai ga zaren.

"Maigida," Kinue ta ce daga kwance, "tambayi Likita, in ruwa ya ci takarda sai a bi sauran da wuta?"

"Uwargida, ciwo ne ke sa ki wannan magana."

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Sau uku a rana, bayan cin abinci."

Masuo ya dube ta. Idanun da ba sa ganinsa sosai suna nemansa, sun ɗan kauce gefe, wajen da take zaton yake tsaye. Shi ne fa ya riƙa ɗaga kanta yana zuba mata garin maganin nan, yana lallashi, yana cewa daure, Likita ya san aikinsa.

Ya sauke zaren ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada ƙurar ta zube. Likita ya miƙo hannu biyu yana murmushi. Masuo ya wuce shi, ya jera gaurakin cikin akwatin katakon awara, ya rufe, ya ɗaure a bayan keke. Jirgin ƙasa mai zuwa Okayama, inda lauya yake, ƙarfe biyu yake tashi.

Daga bakin ƙofa ya juyo, bayansa a miƙe.

"Likita, zauna ka ci awara kafin in dawo. Kada ka ji tsoro, ba ta yaɗuwa."