Ruwan Barik

Shekara talatin muna zaune lafiya da baftismarmu, sai wani mai baƙin naci ya tono tsohuwar takarda a birnin Kirta. Wai bishop ɗin da ya naɗa limaminmu Barik, lokacin da sojojin Rum suke ƙona littattafai, shi da hannunsa ya miƙa musu Littafi Mai Tsarki don ya tsira da wuyansa. Manyan cocinmu suka zauna suka yanke: naɗin Barik banza ne, ruwan da ya tsoma rabin ƙauyen nan a ciki ma banza ne, sai an sake. Barik dai ya riga ya mutu ya huta, mu ya bari da jidali.

Ran da mijina Miggin ya cika shekara biyu da rasuwa, na kai fate da gurasa da 'yar butar giya kabarinsa, kamar yadda kowa yake yi wa nasa. Na zauna ke nan sai ga ƙaninsa Namfamo, dikon mai hidimar cocinmu, yana tafe yana cin magani.

"Yaya, kwashe kayan nan. An daina cin abinci a kan wannan kabarin."

"Kai Namfamo, yaushe gemun ya fito har kake hana ni ci da mijina? Zauna ka sha fate."

Bai zauna ba. Ya ce ran Lahadi za a sake tsoma duk mutanen Barik, kuma kafin mutum ya taka ruwa sai ya faɗa da bakinsa cewa shi arne ne, bai taɓa zama Kirista ba.

"To Miggin fa? Rana ɗaya aka tsoma mu, ruwa ɗaya. Shi ya fara shiga yana rawar ɗari."

"Ba a yi wa matacce baftisma, Yaya."

"Wato in na ce ni arniya ce, na ce yayanka ya mutu arne."

"Ni ban ce ba. Takarda ta ce."

"In na ƙi fa?"

"Ba mai gaishe ki, ba mai bari ki sa gurasa a tandarsa. Gidan Sanaye ma ba za ki taka ba."

Sanaye ita kaɗai na haifa, ga ta da cikin wata takwas.

Akwai ɗaya cocin a ƙetaren hanya, na mutanen sarkin Rum na yanzu, da yake shi Kirista ne. Su a wurinsu baftisma ɗaya ce, ko wane ne ya yi ta. Da na haye, da sun karɓe ni har da Miggin. Amma haƙoransa uku ya bari a ƙofar cocin nan yana faɗa da su, kuma har ya mutu bai amsa gaisuwar ɗayansu ba. Yau ga shi su kaɗai suka yarda shi Kirista ne. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ran Lahadi da hantsi na shiga layi. Da aka zo kaina na faɗi maganar ƙasa-ƙasa.

"Ba a ji ba," in ji Namfamo.

Na kalle shi har sai da ya sunkuyar da kai, sannan na ɗaga murya yadda na bayan coci ma za su ji. Aka tsoma ni, jama'a suna ta "Yabo ga Allah!", Sanaye tana kukan murna. Ni kuwa na san abin da na yi. Na sayar da mijina a gaban ƙaninsa don in ɗauki jika, kuma ban yafe wa kaina ba, balle su.

Jikan ya zo, namiji, da goshin kakansa sak. Na ce a sa masa Miggin. Surukina ya tafi coci ya tambayo, ya dawo yana sosa ƙeya. Wai sun ce ba a sa wa ɗan coci sunan arne.