Yara Arba'in da Ɗaya na Tondibia

Shekarar da damina ta ƙi, ta alif ɗari tara da tamanin da huɗu, Halimatou tana aiki da wata ƙungiyar Turawa mai taimakon yara a Yamai. Iyayenta mutanen Damagaram ne, ubanta tsohon ma'aikacin gidan waya da ya yi gida a unguwar Dar es Salam, nan cikin Yamai. Ba ita ke dama kunu ba, ba ita ke ba da magani ba. Aikinta awo da rubutu. Duk farkon wata takan je wuraren da ƙungiyar ke ciyar da yara, ta rataya ma'auni a reshen itace, ta auna kowane yaro, ta zagaya damtsensa da ɗan zare mai lamba, ta rubuta a babban kayenta, wato littafin awo. Wanda ya rame ƙwarai ta ba uwarsa jan kati, mai dama-dama kore. Abin da ta rubuta shi ake dubawa a biro, ofishin ƙungiyar, a san inda za a ƙara tukunya da inda za a rage.

A Tondibia, can bakin gulbi, mutanen arewa da fari ya koro sun kafa bukkoki na tabarmi da tsofaffin buhuna. Watan farko Halimatou ta rubuta yara ɗari biyu da goma sha biyu, kusan ɗaya cikin huɗu jan kati. A wata na uku da ta haɗa lissafi, sai ga masu jan kati ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Malam Mutari, mai tsara ayyukan ƙungiyar, ya ji daɗi ƙwarai. Mutumin Maraɗi ne, tsohon malamin lakkol, makarantar boko, ba ya wasa da aiki. Wata biyu ke nan yana neman yadda zai buɗe wurin ciyarwa a Harobanda, ƙetaren gulbi, inda baƙi ke ta sauka, ga shi madara da garin masara ba su isa wuri biyu ba. Ya ce tunda Tondibia ta farfaɗo, ƙarshen wata za a kwashe tukwane a ƙetare da su gada. Har ya sa an buga takardar rufewa.

Ita ma Halimatou da farko ta yi murna. Ranar Asabar tana mayar da sunaye cikin sabon kaye, sai ta iso kan wata yarinya, Mariama, ƴar shekara biyu. Ta tuna ta, don ranar awon farko ta riƙe mata ɗan kunne ta ƙi saki, kakarta na ta ba da haƙuri. Gaban sunan, layin wata na biyu babu komai, na uku ma haka. Ta bi shafukan da yatsa tana ɗiga alama. Yara arba'in da ɗaya ba a sake kawo su ba, kuma talatin da shida daga cikinsu masu jan kati ne.

Ta faɗa wa Malam Mutari. Ya ce mutanen nan ba zama suke ba, yau suna nan gobe sun yi kudu, ba za a bi kowa da kaye ba. Ta roƙi mota, ya ce motar tana da aiki har Alhamis.

Ranar Lahadi da safe ta shiga taksi har inda kwalta ta ƙare, ta ƙarasa da ƙafa. Ba ta ɗauki ma'auni ba, ba ta sa farar rigar aiki ba. Ta fara da lambun wani dattijo Bazabarme, Sumana, wanda a ƙarƙashin mangwaronsa take rataya ma'auninta. Suka gaisa da Zabarmanci, sannan ya juya Hausarsa ta kasuwa. Da ta karanta masa sunaye sai ya ajiye bokitin ban ruwa ya ce ta biyo shi.

Ya kai ta bayan bukkokin, wani kwari da ba a hango shi daga hanya. Can ta tarar da kakar Mariama, wata doguwar tsohuwa mai suna Zinariya, tana zaune bakin bukka tana tsince ƴaƴan ciyawa a faifai. Da ta gane Halimatou sai ta gyara zama ta tare ƙofa.

"Inna, ba awo na zo ba. Mariama na zo gani."

"Ta yi barci, ɗiyata."

Halimatou ta zauna ƙasa, ta ja faifan ta shiga taya ta tsinta. Sun fi rabin awa ba wata magana sai ta rana da tsadar hatsi. A hankali tsohuwar ta buɗe ciki. Ta ce bayan awon farko mota ta zo ta ɗauki yara uku masu jan kati zuwa asibiti cikin gari. Biyu ba su dawo ba. Uwar ɗaya ma ba ta san inda aka binne shi ba, don ba ta jin Zabarmanci ba ta jin Faransanci, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Sai kuma aka fara jin cewa soja za su zo da kamiyo, manyan motocin kaya, su mayar da baƙi inda suka fito, wai da takardar masu awo za su yi aiki. Tun daga nan duk mai jan kati ta ɓoye ɗanta. Wasu suna aika babban yaro ya karɓo kunu da koren katinsa, a raba uku.

"Uwarta ta rasu a hanya, kusa da Filinge," in ji Zinariya. "Ita kaɗai ta rage mini. In mutuwa za ta yi, ta yi a hannuna."

Daga baya ta ɗaga buhun ƙofar. Mariama na kwance kan zane, ba barci take ba. Ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja ya kwanta, ta dubi Halimatou ba ta ko motsa ba. Halimatou ta tuna da hannunta ta miƙa wa tsohuwar jan katin nan, har tana murmushi tana cewa ta adana shi da kyau. Ta fita waje ta tsaya bayan bukka har idonta ya bushe.

Wunin ranar ita da Zinariya suka bi bukka bukka, tsohuwar na gaba tana sallama tana cewa ƴar gida ce. Kafin la'asar Halimatou ta san labarin duka arba'in da ɗayan. Tara sun rasu. Goma sha ɗaya iyayensu sun tashi. Ashirin da ɗaya suna nan kwance cikin bukkoki.

Litinin ta ajiye takardar abin da ta gano a teburin Malam Mutari. Ya karanta sau biyu, ya cire madubin ido. Ya ce ta san duk rapor, wato rahoto, da zai fita waje sai wani hafsan soja ya duba ya sa hannu, kuma a wannan zamani ba a son takarda mai cewa yara na mutuwa a bakin babban birni. Wata ƙungiya ma da ta yi gaggawar magana an rufe mata ƙofa, yaranta suka rasa komai. Ya tambaye ta ko ta yi tunanin yaran Harobanda, su da ko awon farko ba a yi musu ba.

"Na yi, Malam. Amma lissafin farko ni na kawo maka shi, kuma ba gaskiya ba ne. Ba zan sa hannu a kansa ba."

Da azahar ya kira ta, suka shiga wurin Baturiyar da ke shugabantar biron. Shi ya yi bayanin da kansa, bai rage komai ba, har ya ce shi ne ya yi gaggawar buga takardar rufewa. Kwana biyu bayan haka ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin hafsan. Bai kai masa rapor ba, sai ya gayyace shi ya zo Tondibia ya gani da idonsa. Mutumin ya zo da safe, cikin kayan gida kamar yadda aka roƙe shi. Ya shiga bukka huɗu, a ta biyar ya tsaya waje. Da aka kai masa rapor ɗin daga baya ya sa hannu, amma ya ce adadin waɗanda suka rasu ya tsaya cikin gida, kada ya fita waje. Wannan ya ci ran Halimatou, Malam Mutari kuwa ya ce a karɓi abin da aka samu.

Ba a kwashe tukwanen ba. Harobanda ta jira mako biyar kafin sabon kaya ya iso ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kuma Halimatou ta san jiran nan bai zo wa wasu da sauƙi ba. A Tondibia aka daina jan kati, kowa ya koma fari, alamar tana cikin kaye inda ita kaɗai ke gani. Aka zaɓi mata shida daga cikin baƙin, har da Zinariya, su riƙa kai madara bukka bukka sau huɗu a rana. Yaron da dole sai asibiti, uwarsa ta bi shi tare da mai fassara. Halimatou ta ƙara layi a kayenta na waɗanda ba su zo ba da dalilinsu, kuma ba ta sake haɗa lissafi ba sai ta cika shi.

Cikin ashirin da ɗayan, huɗu sun rasu a makonni biyu na farko. Mariama ta sha wuya. Kumburin ya saɓe ta zama ƙashi da fata, har Zinariya ta ce madarar ce ke cinye ta, sai da Halimatou ta yi ta zuwa tana lallashi tana nuna mata cewa ruwa ne ya fita. A wata na biyu yarinyar ta fara zama. A na uku ta yi kuka sosai da aka sa ta cikin wandon ma'auni, tana shure-shure, matan da ke layi suna dariya.

Da ruwan farko ya sauka, kamiyoyi suka zo, aka ba kowane gida iri da ɗan hatsi aka mayar da su arewa. Halimatou tana Harobanda ranar, ba ta samu labari ba sai washegari. Sumana ya ce tsohuwar ta jira ta har aka tayar da mota, ta bar sallahu a gaishe ta, kuma yarinyar da ƙafarta ta taka har bakin kamiyo. Halimatou ta zauna ƙarƙashin mangwaron ta rubuta ranar tashinsu gaban kowane suna. Sumana ya tsinko mata ganyen yakuwa ta kai wa mahaifiyarta, ya raka ta har bakin kwalta.