Keken Malam Gidaɗo

"Wallahi keken nan ba ya zuwa bola ina raye!" in ji Inna Raliya, ta riƙe ƙahonsa gam.

"Haba Inna, wa ya ce bola? Nan ofis zai zauna har baƙi su watse."

Mai maganar Alhaji Badamasi ne, shugaban tsofaffin ɗalibai. Ranar ake taron tunawa da malaminsu, Malam Gidaɗo, shekara guda da rasuwarsa. An kafa rumfuna a filin makaranta, an rataye ƙaton hotonsa cikin wata babbar riga da ba wanda ya taɓa ganin shi da ita. Inna kuwa, da ta yi shekara talatin tana sai da shinkafa da wake a ƙofar sakandaren, sai ta ji ƙishin-ƙishin an ɓoye keken Malam don kar manya su ga tsatsa.

"Daga Birnin Kebbi fa ake tafe," in ji Alhaji. "Mi za su ce in sun ga wanga tarkace? Sirdi ɗaure da roba!"

"Tarkace? Kai Bada, dube ni da kyau."

Alhaji ya yi tari. Rabon da a kira shi Bada tun bai fara tumbi ba.

Duk Bagudo an san aikin keken nan. Ranar kasuwar kan iyaka aji ya kan yi rabi, yara sun tsere dakon jarkokin fetur zuwa Benin. Malam ba ya duka, ba ya kai ƙara. Ya hau keke, ya bi hanya yana kaɗa ƙararrawa, duk wanda ya ji ya aje jarka ya biyo shi. Mai taurin kai kuma a ɗora shi a baya, a ratsa da shi tsakiyar gari.

"Sau nawa aka ɗauko ka a bayan nan?" Inna ta buga kariyar bayan keken. "Ni na ƙirga, sau bakwai. Ran na ƙarshe wandonka ya yage, zanena ka ɗaura ka shiga jarrabawa, kana warin fetur."

Malamai biyu da ke ofishin suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

"Inna, don Allah rufa min asiri."

"Ai Malam ya rufa maka, da yanzu kana can kana gudun kwastan. Kun ɗinka masa riga a hoto, abin da ya yi ku mutane kuma kuna jin kunyarsa."

Alhaji ya tare hanya. Inna ta danna ƙararrawa sau biyu. Kafin ya ankara ya yi tsalle gefe, har hula ta faɗi. A waje ma, wasu masu furfura sun miƙe daga kujerunsu suna waige-waige.

"Ka gani? Ko jikinku bai manta ba. Gaban rumfa za shi, kusa da kujerarka."

Ta tura keken waje, ta jawo ƙofa ta buga garam, ta bar Alhaji yana laluben hularsa.