Layar Inna a Bakin Ƙofa

Sai da Bilya ya kusa Kusada a bayan ɗan acaɓa sannan abin ya faɗo masa a rai.

Da safe ya bar tsohuwar akori-kurarsa a Kankiya, wurin Kabo mai gyaran bodi. Tsatsa ta cinye ƙasan gilashin gaba da bakin ƙofar direba, har ana ɗaure ƙofar da igiya. Kabo ya ce zai yanke ruɓaɓɓen da wutar walda, ya lanƙwasa sabon ƙarfe ya dasa. Bilya ya kwashe har tsumman goge gilashi, sarkin tsantseni, amma ya manta da layar da marigayiya Innarsa ta cusa da hannunta a ramin bakin ƙofar ran da ya sayo motar. Ita kaɗai ta rage masa daga gare ta.

Ya kira Kabo, ba a ɗauka ba. Mai guduma a hannu ina zai ji waya? Ya sa ɗan acaɓan ya juya, kowane rami a hanya kamar don shi aka haƙa shi. Tsoro yake ji sosai.

Ya tarar an riga an yanke. Gefen ƙarfen ya yi baƙi, yana hayaƙi.

"Malam Kabo, akwai laya cikin nan."

"Kwantar da hankalinka. Ni ban sa ma mota wuta sai na zura hannu na lalube."

Kabo ya jawo wani gwangwanin fenti ya zazzage a kan benci. Layu ne tuli, na shekara da shekaru, duk fatarsu ta yi baƙi da ƙura da baƙin mai.

"Ban duba ba na jefa ciki. Ɗauki taka. Kai ne na farko da ya taɓa dawowa nema."

Bilya ya juya wannan, ya shinshina waccan. Ran da Inna ta cusa layar, shi yana can gaba yana nuna wa abokai injin. Bai taɓa ganinta ba. Kunya ta kama shi, idonsa ya cika.

Ya tattara su da hannu biyu.

"In ka gama ƙarfen ya huce, kafin ka rufe, maida su duka cikin ramin ƙofar. Ta Innata na ciki."