Hankakan da Ya Ƙi Cin Shinkafar Baba

Ranar da Baba ya cika kwana goma da rasuwa, muka sauka bakin kogin Krishna da curin shinkafa. Fandit Gokhale, malamin addininmu na Hindu, ya ajiye shi a kan ganye, muka ja baya muna jiran hankaka. In ya ci, mamaci ya tafi da kwanciyar rai. In ya ƙi, akwai abin da ya bari a zuciya, sai wani ya ɗauki alkawarin cikawa.

Hankaki sun cika bishiya, amma ko ɗaya bai sauko ba.

Ƙanena Madhukar ya matsa, ya haɗa tafukan hannu. "Baba, zan gyara rufin ɗakin shanu." Babu hankakan da ya sauko. Goggo Shalan ta yi alkawarin daina faɗa da maƙwabta. Wani hankaka ya juya mata baya.

"Goggo, ko tsuntsu bai yarda ba," in ji Madhukar.

Sai kowa ya juyo yana kallona. 'Yata Sharvari ta samu gurbi a makarantar koyon jinya a birnin Pune, kuma Baba ya fi kowa murna. Ni kuwa abin da nake hangowa motoci ne, da ruwan da ba a tafasa ba, da samari a kan babur. Na ce a bari damina ta wuce, sannan na ce a bari a yi bikin Diwali. Ga shi makon gobe za a rufe karɓar ɗalibai.

"Yaya Dattu, tafin ƙafata ya soye a kan dutsen nan," in ji Madhukar.

"Ai ban hana ta ba. Baɗi nake nufi."

Fandit ya goge gumi. "Mahaifinka ya ce mini zai zo hira ran Laraba. Ran Talata muka ƙona gawarsa. Kai wa ya ba ka baɗi?"

Na matsa gaban ganyen. "Baba, Sharvari za ta tafi... in an gama girbi."

Hankaka ɗaya ya sauko. Ya tako har kusa da shinkafar, ya karkata kai yana dubana da ido guda, daidai yadda Baba yake yi in na kawo masa uzuri.

"To, na ji," na ce. "Ana tashi daga zaman makoki, washegari. Ni zan kai ta da kaina."

Ya sa baki ya ci.

Ranar tafiya na cusa wa Sharvari kwalaben dafaffen ruwa har jakarta ta ƙi rufuwa.

"Baba, akwai ruwa fa a Pune," ta ce mini.

"Akwai irin nasu," na ce. "Hau, kada motar ta tashi."